Kundin aiki: shafen farar ƙasa mai sheƙi da fentin kwaikwayo a falo, korido da ginshiƙai

Litinin, 3 ga Maris

Yau awo da lissafi kawai aka yi. Aikin kashi uku ne. Bango biyu na falo za a yi musu shafen farar ƙasa mai sheƙi, irin wanda aka san mutanen Italiya da shi. Korido za a yi masa fenti mai hawa biyu, na sama shara-shara, a buga shi da tsumma ya fito kamar gajimare. Ginshiƙai biyu da ke bakin falo kuma za a zana su kamar farin dutsen mabul.

Babban bangon falo mita 4.8 ne a faɗi, 2.9 a tsayi, wato murabba'in mita 13.9. Na gefensa, bayan an cire taga, 8.6. Jimla 22.5. Korido 29 bayan an cire ƙofofi uku. Ginshiƙan 9.3 su biyu.

An tanadi kilo 25 na kwaɓi mai ɗan tsakuwa, wanda ake kira marmorino, domin hawan farko, da kilo 20 na mai laushi domin hawa biyu na sama. Duka biyun jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce da garin mabul, bambancinsu girman ƙwayar garin. Wannan kwaɓi ba ya tsayawa a bushewa kamar fenti. Yana jan iskar kabon daga ɗaki a hankali har ya koma irin dutsen da aka ƙona aka samo farar ƙasar, shi ya sa yake ɗaukar gogi ya yi santsi. Kaurin hawa ukun gaba ɗaya bai kai milimita 2 ba, don haka duk aibin da ke jikin bango zai fito a samansa.

Talata, 4 ga Maris

Binciken bango. An bi kowane bango ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Wuri ɗaya ya yi ƙarar rami, ƙarƙashin taga, faɗinsa kamar taku biyu. An kewaye shi da fensir.

Tsohon fentin falo na ruwa ne kuma ya fara gari: baƙin ƙyalle da aka goga ya fito fari fat. A korido rabin bangon na ƙasa yana sheƙi, sai aka goga auduga da sifirit. Fentin sama ya narke ya bi audugar, na ƙasa bai ko motsa ba, alamar na mai ne. Fentin ruwa ba zai kama shi ba sai an kashe sheƙin da samfefa.

Da fitila a jingine jikin bango aka ga tsaga biyu a babban bango: ɗaya siririya daga kusurwar silin zuwa ƙasa kamar mita ɗaya da rabi, ɗaya gajera kusa da soket. Kafin a tashi an manna leda mai santimita 45 a kowane gefe a wurare huɗu, aka rufe bakinta da tef ta ko'ina, a ga ko akwai danshi.

Laraba, 5 ga Maris

Leda uku a bushe. Ta huɗu, wadda ke ƙarƙashin taga, ta yi raɓa daga ciki, bangon bayanta ya yi duhu. Da aka kankare fentin wurin sai ga farin gishiri a kan filasta, filastar kuma tana murmushewa da ɗan yatsa.

An duba daga waje. Dandamalin taga a kwance yake sam, ba gangara, kuma akwai tsaga tsakaninsa da firam. Ruwa na taruwa a nan ya tsiyaya cikin bulo, ya narkar da gishirin da ke ciki, ya fito da shi ta fuskar ɗaki inda yake bushewa. Da an yi shafe a kan haka, cikin 'yan watanni zai yi tabo ya kumbura ya ɓare, komai kyawun hannun da ya yi shi.

An fasa filastar da ta mutu har aka kai ga bulo, an wuce iyakar lalacewar da santimita 15 ta kowane gefe. Gishirin an share shi da busasshen burushi mai ƙarfi. Ba a sa masa ruwa ba, domin ruwa narkar da shi zai yi ya koma ciki, ya sake fitowa daga baya.

Wannan ya sauya tsarin aiki. Sabuwar filastar siminti tana bukatar kusan kwana 28 kafin a ɗora mata wani abu, saboda haka bangon taga ya koma ƙarshe. Za a fara da babban bango da korido.

Alhamis, 6 ga Maris

An gyara dandamalin taga: an ba shi gangara zuwa waje, an toshe tsagar jikin firam, an yanka siririn layi a ƙarƙashin leɓensa don ruwa ya riƙa ɗigowa ƙasa kada ya bi bango. Daga ciki an cike wurin da kwaɓin siminti 1, farar ƙasa 1, yashi 6, hawa biyu. Za a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na mako guda.

Tsagogin babban bango an buɗe su da bakin wuƙar shafa foti, wato kwaɓin cike tsaga da ramukan bango, suka yi siffar V, zurfin milimita 5, an hure ƙurar, an jiƙa, an cika, sannan aka shimfiɗa ragar zaren gilashi mai faɗin santimita 10 a kai aka binne ta cikin foti. Tsagar da aka shafe ta sama kawai ba tare da an buɗe ta ba takan dawo a daidai wurinta.

Kuɗi: gyaran taga ba ya cikin lissafin farko. Da kaya da yinin magini ya ƙara kusan kashi 7 cikin 100 a kan kasafi.

Juma'a 7 da Asabar 8 ga Maris

Wanke bango, gurza da samfefa mai lamba 120, share ƙura. Rabin korido mai fentin mai ya ci yini guda shi kaɗai.

Litinin, 10 ga Maris

Allunan gwaji. An yanka falanki huɗu, santimita 60 a 60, an yi musu firama, wato shafin share fage da ake fara yi kafin kwaɓi ko fenti, iri ɗaya da wadda za a yi wa bango. Launin da ake nema na yashi ne mai ɗan ja. Garin launi na tsatsar ƙarfe aka zaɓa, rawaya da ja da baƙi, saboda farar ƙasa tana da kaifi ƙwarai, ma'aunin pH ɗinta ya haura 12, kuma ba kowane launi ke jure mata ba. Shuɗin da ake kira na Furushiya, alal misali, rikiɗewa yake ya koma ruwan ƙasa a cikinta.

A kowane kilo ɗaya na kwaɓi: allo na ɗaya giram 8 na rawaya da 2 na ja, na biyu 15 da 3 da giram 1 na baƙi, na uku 22 da 5 da 1, na huɗu 15 na rawaya zalla. An auna da ƙaramin sikeli, an rubuta a bayan kowane allo. Awon cokali ko na ido ba ya maimaituwa.

Kariya: safar hannu ta roba, tabarau, riga mai dogon hannu. Farar ƙasa na cin fata a hankali ba a ji sai an gama aiki. In ta faɗa ido, a wanke da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15 a tafi asibiti.

An kuma gyara cokulan shafe biyu, na ƙarfen da ba ya tsatsa, santimita 20 a 8. An zagaye kusurwoyinsu da zarto, an goge bakin da samfefa 400 sannan 600 har yatsa ya daina jin kaifi. Sabon cokali da bakinsa na masana'anta yakan bar layi biyu a duk inda ya bi.

Laraba, 12 ga Maris

Allunan sun bushe, kuma duk sun yi haske sosai fiye da yadda suke a jiƙe. Na ɗaya ya kusa komawa fari. An duba su a jikin bangon da safe, da rana, da kuma dare ƙarƙashin fitilar ɗakin. Na uku da rana yana da kyau, da dare ya yi nauyi ya koma ruwan bulo. An tsaya a na biyu.

Allo na biyun yana da ɗigo-ɗigon ja da cokali ya ja suka zama layuka. Garin launi ne da bai narke ba. Don haka na kilo 20 ɗin, wato giram 300 na rawaya, 60 na ja, 20 na baƙi, an kwaɓa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri, za a bar shi ya kwana, gobe a tace da siririn ƙyalle kafin a zuba.

An yi wa babban bango firama mai ɗauke da yashi mai laushi, da rola, hawa ɗaya. Lita 2. Amfaninta biyu: ta daidaita yadda bango ke shan ruwa, ta kuma ba kwaɓi abin kamawa.

Alhamis, 13 ga Maris

An haɗa launi da injin damawa minti 10, an kankare gindi da gefen bokiti, an sake damawa. An rufe da leda a kan fuskar kwaɓin kafin a sa murfi. Korido ya sha firama mai kama fentin mai.

Juma'a, 14 ga Maris

Hawan farko a babban bango. An fara daga kusurwar sama, cokali a kwance kusan digiri 20, ana ja gajere-gajere a lanƙwashe, kowane ja yana hawa gefen na baya tun yana jiƙe. Kauri gwargwadon ƙwayar garin, kamar milimita 1. Awa biyu da rabi ba tsayawa, domin duk inda aka tsaya bakin ya bushe, mahaɗar za ta fito har hawan ƙarshe. An ci kilo 14.

Asabar, 15 ga Maris

Matsala. Sashen sama, kamar santimita 40 daga silin, yana barin gari a hannu, ƙasa kuwa ya kama da kyau. Jiya zafin ɗakin ya kai digiri 33 kuma an bar fanka tana juyawa bayan an tashi. Sama ya fi zafi, iskar fanka ta fi dukansa, ruwan ya gudu kafin farar ƙasa ta fara kamawa. Canzawarta zuwa dutse ba ya yiwuwa sai da ɗan danshi a jikinta.

An kashe fanka, an rufe tagogi, an yi wa sashen feshin ruwa siriri sau uku, awa biyu tsakani, daidai yadda zai yi duhu ba tare da ruwa ya gangaro ba. Da yamma garin ya ragu sosai. Za a ba shi har Litinin. Daga yau shafe da sassafe za a riƙa yi, fanka a kashe.

Litinin, 17 ga Maris

Sashen sama ya kama. An kankare tudun da cokali ya bari, an share da ɗanyen ƙyalle, an yi hawa na biyu da kwaɓi mai launi. Siriri, ta yadda ake hango na ƙasa kaɗan-kaɗan. Wannan hawan ne ke ba bango zanensa: inda cokali ya bar kauri zai yi haske, inda ya matse zai yi duhu. Kilo 5.5.

Da rana an yi wa korido hawan farko na fentin ƙasa, wato wanda shara-sharan zai hau kansa, ruwan madara, mai ɗan sheƙi. Dole ya zama mai ɗan sheƙi. Fenti maras sheƙi yana shanye na sama nan take, ba zai bari a motsa shi ba.

Talata, 18 ga Maris

Hawa na uku da gogi. Yinin bai yi kyau ba, kuma kurakuran iri uku ne, gara a rubuta su dalla-dalla.

Yadda ya kamata: a ɗora kwaɓi kaɗan, a ɗaga cokali ya kai kusan digiri 60 a kwashe mafi yawansa, a yi haka a kan murabba'in mita ɗaya, a wuce na gaba, sannan a dawo na farko lokacin da ƙyallin ruwa ya ɗauke amma wurin yana da sanyi a tafin hannu. A nan ake kwantar da tsabtataccen cokali a goga da ƙarfi har sheƙi ya taso. Wannan lokaci gajere ne, a zafin ɗakin nan bai wuce minti 8 zuwa 12 ba.

Na farko: a gefen hagu an dawo da wuri. Saman ya yi fata, ƙarƙashi yana ɗanye, cokali ya ja fatar ta yi ƙuraje, wuri biyu ta ɗaye kamar faɗin tafin hannu. Ƙoƙarin lallaɓa shi a jiƙe ƙara faɗaɗa shi ya yi.

Na biyu: ganin haka sai aka ƙara jinkiri a tsakiya, jinkirin ya yi yawa. Wurin ya riga ya bushe, sheƙi ya ƙi fitowa, aka ƙara ƙarfi, sai ga baƙaƙen shatika. Garin mabul ne ke cin bakin cokali, ƙarfen yana zama a jikin bango. Ko ƙarfen da ba ya tsatsa yana yin haka a kan busasshen shafe, kuma launi mai haske ya fi tona shi. Goge shi da ƙyalle bai yi komai ba.

Na uku: wani busasshen gutsure daga bakin bokiti ya maƙale a cokali ya ja layi mai tsawon kamu biyu. Wannan sakaci ne na rashin goge cokali da ɗanyen tsumma bayan kowane 'yan ja.

Gefen dama, kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon, ya fito yadda ake so, da zurfi kamar ana leƙa cikin dutse. Amma faci ba ya ɓuya a irin wannan shafe, bakinsa yana fitowa da zarar haske ya zo ta gefe. Za a sake hawa ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. An ci kilo 4.5 yau.

Laraba, 19 ga Maris

An bar babban bango ya huta. Hawa na biyu na fentin ƙasa a korido.

Alhamis, 20 ga Maris

An bi babban bango duka da samfefa 400 a hankali, an kashe sheƙin, an cire shatikan. Wuraren da suka ɗaye an cike su da ɗan kwaɓi, an bar su awa huɗu, an daidaita.

Juma'a, 21 ga Maris

An sake hawan ƙarshe, ƙarfe 6:30 na safe, zafi digiri 25. An yi wa bangon ɗan feshi minti 10 kafin a fara don kada ya fizge ruwan kwaɓi. Mutum biyu: ɗaya na ɗorawa, ɗaya na bin sa da gogi, tsakaninsu kamar mita ɗaya da rabi. Mai gogi yana taɓa wuri da bayan yatsa kafin ya sa cokali. Gogin sau biyu: na farko da sauƙi don a rufe ƙananan ramukan shafen, na biyu bayan minti biyar da ƙarfi. Inda aka ga alamar toka-toka za ta fara sai a koma cokalin roba.

Ya fito daidai daga farko har ƙarshe. Kilo 4. A ganina ƙarin hawan ma ya amfani bangon, zanen ya fi na allon gwaji zurfi. Illarsa ita ce kwaɓi mai launi ya rage kilo 6 kacal, bangon taga kuma zai bukaci wajen 6.5 in ba a yi kuskure ko ɗaya ba.

Litinin, 24 ga Maris

Fentin gajimare a korido. Haɗi: kashi 1 na fentin ruwa launin ƙasa-ƙasa, kashi 4 na ruwan gilez, wato madarar fenti maras launi da ke sa shi shara-shara ya kuma jinkirta bushewa. An shafa da burushi mai faɗi a gicciye, an bi da dunƙulallen tsumman auduga ana dannawa ana juya hannu.

Bango na farko bai yi ba. Mutum ɗaya ne ya yi shi, yana shafa murabba'i ya buga ya matsa. Kafin ya gama bugun wannan, bakin ya bushe, da sabon shafi ya hau kai sai launi ya ninka. Sakamakon: layuka masu duhu a tsaye, mita ɗaya-ɗaya, kamar an jera ƙofofi. An gwada jiƙa su da soso, sai tsakiyar ta ɗauke ta bar fari, gefe ya ƙara duhu. Gilez in ya fara kamawa ba a komawa kansa.

An mayar da fentin ƙasa a kan bangon duka. Asara: lita 1.5 na fenti, lita ɗaya na haɗi, yini biyu.

Laraba, 26 ga Maris

An sake. Abin da aka canza: mutum biyu, ɗaya da burushi ɗaya da tsumma, an rufe ƙofofin korido don iska, ana shafawa a karkace da baki mai gantsarwa, ba layi miƙaƙƙe ba, mai tsumma yana barin santimita 15 na bakin a jiƙe bai taɓa ba har sai an haɗa da na gaba. Kafin a fara an ɗan shafi bangon da ɗanyen soso. Tsumma kuma mutum ɗaya ne ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe, domin nauyin hannu ya bambanta kuma bango yana nunawa.

Ana canza tsumma da zarar ya jiƙe, in ba haka ba mayar da fenti yake maimakon ɗauka. Guda 14 aka ci. Kusurwoyi an buga su da ƙaramin busasshen burushi, tunda tsumma ba ya shiga, launi kuma yakan taru a nan ya yi baƙin layi. An cire tef tun fenti bai gama bushewa ba. Bango biyun sun ci lita 2.5 na haɗi.

Alhamis 27 zuwa Asabar 29 ga Maris

Shirin ginshiƙai: foti, samfefa 220, farin fenti mai ɗan sheƙi hawa biyu, samfefa 320 tsakani. Mabul ba ya da sawun rola, saboda haka an bi kowane hawa da burushi mai laushi.

Litinin, 31 ga Maris

Ginshiƙi na farko. Abin koyi farin mabul na Karara ta Italiya ne, mai jijiyoyi ruwan toka marasa kaifi. An ajiye gutsuren dutsen na gaske a gefe ana kallo. An shafa gilez ruwan toka mai haske a karkace, wuri-wuri, an bar kusan rabin farin a buɗe, an buga da soso, an lallashe da busasshen burushi mai laushi har gefunan suka narke. Jijiyoyin da gashin tsuntsu aka ja su, an riƙe shi daga can ƙarshe ana ɗan karkaɗa hannu ana juya shi, layin ya yi kauri ya sirance ya yanke ya sake ɓullowa.

Da aka ja baya mita uku sai ya zama kamar taswirar hanyoyi. Jijiyoyi sun yi yawa, kaurinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, wasu sun gicciye juna a miƙe. A dutsen gaske jijiyoyi suna bin gefe guda, ƙanana suna reshe daga manya, kuma akwai fili mai faɗi da ba komai. An bar shi ya bushe.

Talata, 1 ga Afrilu

Ba a goge na jiya ba. An shafa masa farin gilez siriri, kashi 1 cikin 6, jijiyoyin suka nutse suka zama kamar suna can cikin dutsen. A kansu aka ja manya guda biyu kawai a kowace fuska, da 'yan rassa. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, har aka yi wa ginshiƙi na biyu haka da gangan: jijiyoyi, farin mayafi, sannan jijiyoyi kaɗan. An lura kowace jijiya ta zagaya kusurwa ta ci gaba a ɗaya fuskar. In ta tsaya cak a kusurwa, ido yana gane fenti ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Facin taga ya cika kwana 28. An sake gwajin leda tun jiya, ta fito a bushe, ba sabon gishiri. Firama hawa ɗaya. Ginshiƙai sun sha banish na ruwa hawan farko. Na mai yana rawaya da shekaru, zai ɓata farin.

Asabar, 5 ga Afrilu

Jiya aka yi hawan farko a bangon taga, kilo 8.5. Yau siffar facin ta fito sarai, murabba'i mai haske a ƙarƙashin taga. Ba danshi ba ne. Sabuwar filasta ta fi tsohon bango mai fenti ƙishirwa, firama ɗaya ba ta ishe ta ba, sai ta shanye ruwan kwaɓi da sauri, wurin ya bushe daban. Da an ci gaba, hawan launi ma haka zai yi, gogi kuma zai riga sauran bangon bushewa a nan.

An yi wa bangon duka wata firamar a kan hawan farko, an sake shafa siririn marmorino da ragowar kilo 2.5 a ƙarƙashin taga zuwa kusurwa. Da tun farko an yi gwajin feshi a kan firama, a ga ko faci da gefensa suna shan ruwa daidai, da an tsira da yini biyu.

Litinin, 7 ga Afrilu

An ƙaro kilo 5 na kwaɓi mai laushi. An auna masa launi daidai da na farko, giram 75, 15 da 5, an jiƙa an tace, sannan aka juye shi cikin ragowar kilo 6 aka dame su tare. Ko da awo ɗaya, bokiti biyu kan ɗan bambanta, haɗa su yana raba bambancin. An gwada a allo, an busar, an jingina da babban bango: ba a rabe su.

Kuɗi zuwa yau: an haura kasafi da kusan kashi 19 cikin 100. Taga 7, ƙarin kwaɓi da firama 6, korido 3, sauran tef da samfefa da tsumma. Kwanakin aiki sun ƙaru da shida.

Talata 8 da Laraba 9 ga Afrilu

Hawa na biyu da na uku a bangon taga, mutum biyu, da sassafe. Ba matsala. Gefen taga da ƙaramin cokali aka bi shi. Kilo 6.5, saura 4.5 an rufe shi da ɗan ruwa a sama don gyaran gaba. Banish hawa na biyu da na uku a ginshiƙai.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Gwajin abin kariya, a kan alluna. Rabin ɗaya daga allunan 10 ga Maris an shafa masa kakin zuma mai laushi, ɗaya rabin ruwan sabulun man zaitun. Sabulu yana haɗuwa da farar ƙasa ya zama wani abu da ruwa ba ya jiƙawa, dabarar da magina a Marrakesh ta Maroko suke amfani da ita a shafensu na tadalakt. Bayan awa uku an ɗiga ruwa: a kan kaki ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, a kan sabulu ya ɗan yi duhu bayan minti biyu sannan ya bushe ba tabo. Kaki ya ƙara wa launi duhu kaɗan da sheƙi, sabulu bai canza shi ba.

An kuma gwada kaki a allon 7 ga Afrilu, mai kwana huɗu. Ya yi dabbare-dabbare, domin shafen bai gama fitar da ruwansa ba. Wannan ya nuna bangon taga bai isa ba tukuna.

An zaɓi kaki saboda wurin zama ne, kai da hannu za su riƙa taɓa bango. Babban bango ya kwana 21, an shafa masa yau: siriri da cokalin roba, murabba'in mita ɗaya-ɗaya, a goge da ƙyalle mai laushi bayan minti 15. Giram 300. Inda kaki ya taru a ramukan zane ya yi fari, an cire da burushin haƙori.

Saura: kakin bangon taga ranar 24 ga Afrilu in sha Allahu, bayan an sake duba ƙarƙashin taga da leda, mayar da murafen soket, siririn layin fenti a mahaɗar silin, da banish maras sheƙi hawa ɗaya a rabin korido na ƙasa, inda kaya ke gogar bango.